Wa ya fara tseren jirgi a tafkin Madarunfa, malaman lakwal ko masunta?

Abdul-Aziz Zariya:
Assalamu alaikum. Manyanmu na wannan zaure, ina da tambaya. Muna kwashe kayan marigayi babanmu sai muka tarar da wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, an rubuta "kuɗin jirgi" a bangonsa. Ciki sunaye ne a jere, gaban kowane suna dala ashirin, mako bayan mako. Inna ta ce na ƙungiyar tseren jirgi ne da suka yi a tafkin Madarunfa lokacin da yake koyarwa can. Ni a Maraɗi na tashi, kokowa na sani da langa da ƙwallo, ban taɓa jin an yi tseren jirgi a ƙasar nan tamu ba. Akwai wanda ya gani da idonsa? Yaushe aka fara, su wa suka fara, me ya kashe ta? Ina so in rubuta in ajiye wa yarana.

Nasiru ɗalibi:
Wa alaikumus salam Yaya. Gulbin Maraɗi ai 'yan watannin damina yake gudu, sauran shekara rairayi ne da lambuna. A ina aka samu ruwan tsere?

Abdul-Aziz Zariya:
Tafki na ce Nasiru, ba gulbi ba. Na Madarunfa, kudu da mu, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai. Shi yana riƙe ruwa har rani.

Mushe Isuhu:
Wa alaikumus salam. Abdul-Aziz ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Kayen nan na san shi, in ka duba shafukan farko za ka ga hannu biyu ne, ɗayan nawa ne. Tare muka koyar.

Ga yadda abin ya faro. Bayan yunwar 1984, wadda muke cewa 'yar Buhari saboda an rufe iyakar Najeriya a lokacin, mutane sun fito a galabaice. Da daminar 1985 ta yi kyau tafki ya cika, sai yara suka koma ruwa baki ɗaya. Ana tashi daga lakwal sai bakin tafki, kuma yawancinsu ɗiyan ma'aikata ne da ɗiyan manoma, ba su iya iyo ba. Hankalinmu bai kwanta ba. Ka hana su yau, gobe su koma a ɓoye. Mahaifinka ne ya ce tun da hani bai yi ba, a shiga da su ruwan da ido a kansu. Zamanin Seini Kunce ne, Samariya na da ƙarfi, duk abin da ya shafi tara matasa a yi aikin gayya ko wasa ba a hana shi. Muka je wurin sarkin samari, ya kai mu wurin sarkin ruwa, muka gaishe shi da goro, ya ba mu izini.

Da farko aron jirgi muke yi ranar Lahadi. Da muka ga aron ba zai ɗore ba sai muka buɗe kayen, kowa dala ashirin a mako, malamai da iyayen da suka yarda, har muka sa aka yi mana namu. Ni a wurina ranar da aka buɗe kayen nan ita ce ranar haihuwar ƙungiyar. Kafin ita wasa ne, bayanta akwai kuɗi, akwai doka, akwai wanda za a tambaya in wani abu ya faru.

Abdul-Aziz Zariya:
Allahu akbar. Baba Isuhu na gode, Allah ya ƙara girma. Na duba, lallai hannu biyu ne.

Lawali Madarunfa:
Salamu alaikum. Ni ba na yawan magana a nan amma wannan ta shafe ni. Mushe, kai ka koya mini karatu, ba zan yi maka musu a kan abin da ka gani ba. Amma cewa ku kuka fara tseren jirgi a tafkinmu, wannan ban yarda ba. Tun kakanninmu masunta suna tsere. In an gama shimfiɗa taru da yamma, wanda ya riga isa gaɓa shi ne namiji, na baya shi zai kwashe ruwan jiragen duka. Har a kan gora ana tsere, mutum ya kwanta rub da ciki a kan babbar gora yana tuƙi da hannu da ƙafa. Ba a rubuta a kaye ba, shi ya sa ba a ƙirga shi.

Kuma jiragen da Mushe ya ce sun ara, na babana ne. Ranar Lahadi ai kifi ba ya hutu. Duk ranar da ya ba da jirgi, abincin gidanmu na ranar ya ba da. Shi ke zama a baya yana riƙe musu kan jirgi, shi ya koya musu yadda ake tsoma filafili ba tare da an mari ruwa ba. Yaya Abdul-Aziz, don Allah duba kayen, akwai sunan masunci ko ɗaya a ciki?

Abdul-Aziz Zariya:
Na bi shi shafi-shafi Lawali. Kusan kowane suna an sa aikin mai shi a gefe, malami, tela, mai tebur, majo. Babu masunci.

Mushe Isuhu:
Lawali, kayen na masu biyan kuɗi ne. Mun ƙi karɓar kuɗin masunta da gangan don sun riga sun ba da abin da ya fi kuɗi. Ba raini ba ne.

Lawali Madarunfa:
Na yarda ba raini kuka nufa ba Mushe. Amma ga shi yau ɗan abokinka zai rubuta tarihi daga kayen, kuma babana ba ya ciki.

Alhaji Mamman kafinta:
Ku dakata in sa baki, ni na yi jirgin nan da hannuna, lokacin ina yaron shago a Sabon Gari. Maigidana ƙofa da gado ya saba yi, bai taɓa haɗa jirgi ba. Malamai suka zo da zane a takarda, sun gani a wani littafin Faransa, dogo siriri. Katako kuwa sai da muka jira, don daga Najeriya yake shigowa ta Jibiya, kuma iyaka ba a buɗe ta ba sai 1986.

Da muka haɗa shi a shago ya yi kyau ƙwarai. Aka ɗora a amalanke aka kai bakin ruwa, muka tura, kafin a sha shayi ya cika da ruwa. Baban Lawali ne ya zo ya tsuguna ya bi haɗin katakon da ɗan yatsa, ya ce a jawo shi waje. Ya sa aka kawo auduga, aka narka kwalta a gwangwanin tumatir kan murhun duwatsu uku. Yana murza audugar a cinyarsa ta zama igiya, ya tsoma a kwalta, ya cusa a tsagar da bakin wuƙa marar kaifi, yana bugawa a hankali da guntun icce. Inda tsagar ta yi faɗi sai a yanko falle na kwano a rufe a bi da ƙananan ƙusa kusa da kusa. Bayan nan ya ce a nutsar da jirgin gaba ɗaya a bar shi cikin ruwa 'yan kwanaki katako ya sha ya kumbura, haɗin ya matse kansa. Ni wannan ban taɓa ji a shago ba. Da aka fito da shi aka kwashe ruwan da ƙoƙo, ko ɗigo bai ƙara shiga ba.

Abu ɗaya ya faɗa a ranar wanda ba a saurare shi ba. Ya ce cikin jirgin ya yi ƙunci, zai yi gudu amma ba zai yafe wa yaro kuskure ba.

Hajiya Rabi Bagalam:
Kuma bai yafe ba. Ina nan ranar.

Nasiru ɗalibi:
Inna Hajiya ba mu labari don Allah.

Hajiya Rabi Bagalam:
Lokacin hunturu ne, iskar nan mai ƙura da ke sa ruwa ya yi tudu-tudu. Ni a bakin tafki nake da tukubar bandar kifi, amarya ce ni a lokacin. Yaran suka yi nisa, hular ɗayansu ta faɗa ruwa, ya miƙa hannu, sauran duk suka karkata gefe guda su gani. Sai muka ga cikin jirgi a sama. Ihun da muka yi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Malamai na gaɓa, biyu daga cikinsu ma ba su iya ruwa ba. Masunta ne da ke kan gorunansu kusa suka yi kansu. Wani ya tura wa yara biyu gorarsa suka rungume, shi ya bi sauran da iyo. Allah ya kiyaye, babu wanda ya rasu, amma ƙaramin cikinsu sai da aka kwantar da shi aka matsa ya amayar da ruwa. Da zanena na goyo aka lulluɓe shi yana karkarwa.

Daren nan iyaye suka taru suka ce a fasa jirgin a yi makamashi da shi. Sarkin ruwa ne ya hana. Ya kafa sharaɗi: babu yaron da zai ƙara shiga sai ya yi iyo daga gaɓa zuwa wani turke da aka kafa ya dawo a gaban idonsa, kuma kowane jirgi sai da masunci a baya. In iska ta tashi shi ke da magana, ya ce a fito sai a fito ko ana tsakiyar tsere. Ni in aka tambaye ni ranar da ƙungiya ta zama ƙungiya, wannan daren zan ce.

Mushe Isuhu:
Haka aka yi Hajiya, babu ƙari a ciki. Mahaifin Abdul-Aziz kwana ya yi a ƙofar gidan yaron nan.

Lawali Madarunfa:
To tunda an zo nan, a faɗi sauran. Da aka yi tseren farko a gaban jama'a bayan an gama girbi, jirage uku, ɗaya na ɗiyan masunta, har da wana a ciki. Sun je sun kewayo turke sun dawo, 'yan lakwal ba su ma kai turken ba. Shekarar da ta biyo sai aka fito da doka: ɗan masunci ba ya shiga tsere sai dai ya zauna a baya ya riƙe kai, kuma in jirgin ya ci, kyautar ta masu filafili ce. Kyautar ba wata tsiya ba ce, sabulu ne da goro da kayen rubutu. Amma wana ya yi kuka a ɗaki, kuma daga ranar bai ƙara zuwa ba. Ni ma ɗan lakwal ne a lokacin, ajin Mushe nake, amma dokar ta hau kaina saboda sana'ar ubana.

Mushe Isuhu:
Lawali, har gobe ina kan bakana a kan dokar nan, kuma ga dalilina. Ba don a san wanda ya fi iya tuƙi muka kafa abin ba, wannan kowa ya sani tun kafin a fara. Don yaron da ke tsoron ruwa muka kafa shi. Bayan tseren farko rabin yaran suka daina zuwa, suka ce me za mu je yi, an riga an san mai ci. Yaron da ya tashi da filafili a hannu tun yana shekara biyar, ka haɗa shi da wanda ya fara bara, wannan ba tsere ba ne. A kokowa ma ai ba a haɗa ƙaramin yaro da wanda ya riƙe takobi.

Lawali Madarunfa:
Sai a yi aji biyu Mushe, na gwanaye da na 'yan koyo. Wannan da kowa ya gane. Abin da aka yi shi ne aka duba gidan da mutum ya fito.

Mushe Isuhu:
Jirage uku ne gare mu duka-duka, biyu na aro. Da me za a yi aji biyu?

Nasiru ɗalibi:
Baba Isuhu, Yaya Lawali, ku ba ni dama. Na karanta tarihin wasan nan a Ingila, kuma abin mamaki rigimarku ce sak suka yi. Tseren jirgi mafi daɗewa da ake yi har yanzu a can an fara shi a 1715 a kogin Tems, wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Thomas Doggett ya sa kyautar riga da lambar azurfa. Kuma su wa ke yin tseren? Masu fito, waɗanda ke ƙetarar da mutane su ci abinci. Ɗaliban jami'a daga baya suka shigo, tseren Oksfod da Kambirij sai a 1829, na Henli a 1839.

Da 'ya'yan manya suka karɓe wasan sai suka kafa hukumarsu a 1882, dokarta ta fitar da duk wanda ya taɓa aikin jirgi don kuɗi, har ma da leburori da masu sana'ar hannu. Hujjarsu ita ce mai aikin ƙarfi ya fi su ƙwanji, haɗuwa da shi ba adalci ba ne. Waɗanda aka kora suka kafa tasu hukumar a 1890. Wani Ba'amurke, John Kelly, wanda ya yi aikin magini, an ƙi karɓarsa a Henli a 1920, a shekarar kuma ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Antwap. Sai a 1937 aka soke dokar masu aikin hannu, hukumomin biyu kuwa ba su haɗe ba sai 1956.

Ba ina cewa niyyar Baba Isuhu irin tasu ba ce. Su girman kai ne, shi tausayin yara ne. Amma wanda aka fitar, abin da ya ji a ransa ɗaya ne.

Mushe Isuhu:
Nasiru ka yi karatu, Allah ya yi albarka. Sai dai su Turawan nan suna da jirage da kuɗi, sun kori talaka don kada ya zauna kusa da su. Mu kwano ɗaya muke ci da masunta a bakin ruwa. Kada a ɗora mana laifin Ingila.

Sani Mokoyo:
Ni tambayata daban. Irin tuƙin da ake nunawa a talabijin ne, na masu juya baya?

Alhaji Mamman kafinta:
A'a. Wancan mutum yana zaune ya ba inda za shi baya, filafilan dogaye ne an maƙale su a gefen jirgi, kujerar kuma tana zamewa gaba da baya, ƙarfin daga ƙafa yake fitowa. Namu fuska gaba, filafili gajere a hannu, wasu dama wasu hagu, na baya ya gyara kai. Inda ruwa bai da zurfi a sa gwangwala a tokara ƙasa. Malamai sun so mu gwada maƙala filafili da ƙarfe, muka gwada, ciyawar ruwa tana kama shi, aka bari.

Hajiya Rabi Bagalam:
Ku maza kuna ta wa ya fara, wa ya fara. Abdul-Aziz, kuɗin da ke cikin kayen nan a ina kake jin ake ajiye su? A gwangwanin madara ƙarƙashin gadona suke kwana, don malamai sun ce in suna hannunsu za su ci kafin wata ya mutu. Kuma dala ashirin ɗin nan ba ta taɓa isa ba. Mu masu banda da masu tuyar kifi muka yi adashi, kwasa guda muka ba da ita sukutum aka sayi ƙusa da fenti. Ranar tsere mu ke dama fura mu kai. 'Yan matanmu suna gaɓa suna kallo, ba a taɓa cewa ɗaya ta shiga ba, mu ma ba mu nema ba, zamanin haka yake. Amma a rubuta cewa da kuɗin kifin mata aka yi wa jirgin fenti.

Maganar dokar kuwa, Mushe ka yi haƙuri, ina bayan Lawali. Na ga fuskar uwarsu ranar.

Abdul-Aziz Zariya:
Inna Hajiya wallahi ban san da wannan ba ko kaɗan, za a rubuta. To me ya kashe ta?

Mushe Isuhu:
Abubuwa ne suka taru. Kunce ya rasu a Nuwamban 1987, Samariya ta fara sanyi, bayan babban taron ƙasa na 1991 kuwa ta watse, kowane matashi ya kama jam'iyya. Shekarun nan ne kuma na yajin aiki da albashin da ba ya zuwa kan lokaci, malamin da ke bin bashin gero ba zai biya kuɗin jirgi ba. Aka yi mana canjin wurin aiki ɗaya bayan ɗaya, ni aka kai ni wajen Dakwaro. Sai karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta zo ta ƙarasa, ƙusa da fenti da duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsada, jirgin ya ruɓe ba a iya gyara shi ba.

Lawali Madarunfa:
Duk wannan gaskiya ne, amma akwai wanda ya riga su. Babana ya daina ba da aro tun kafin a canza wa kowa wurin aiki. Bai yi faɗa da kowa ba, in an zo sai ya ce jirgi na da aiki yau. Sauran masunta suka bi shi. Jirgi ɗaya kuwa ba ya tsere da kansa. Gyaran da Mushe ya ce ya gagara, da masunta na ciki da auduga da kwalta sun isa, ba sai an jira fentin waje ba.

Alhaji Mamman kafinta:
Wannan haka ne. Jirgin masunci yana shekaru ana yi masa faci yana aiki. Namu a gaɓa aka bar shi rana ta tsattsage shi.

Ibrahim injiniya:
Ku ƙara da maganar ruwan kansa. Gulbin Gabi ne ke zuba a tafkin, kuma duk damina yana kawo yashi da laka daga gonakin da aka sare itatuwansu, zurfi na raguwa. Gulbin Maraɗi shi ma tun da aka gina madatsar Jibiya a ɓangaren Najeriya wajen 1990, zuwan ruwansa ya canza, manoman fadama sun fi kowa sani. Gulbin da ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945 har aka hau da gari kan tudu, ku dube shi yau da rani. A 2019 an sa tafkin Madarunfa cikin jerin Ramsar na wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya. Suna ne mai kyau, amma suna ba ya kwashe laka, sai an dasa itatuwa a gaɓa an kuma tare zaizaya daga sama.

Nasiru ɗalibi:
Abin da ke cina shi ne wannan. A 2012 Nijar ta tura mai tuƙi gasar Olamfik ta Landan, Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu ne kuma mai iyo daga Yamai, yana da shekara 35. Wata uku kacal ya yi yana koyon irin jirgin nan kafin gasar. Tsawon tseren mita 2000 ne, ya yi shi a minti 8 da daƙiƙa 39 a zagaye na biyu, shi ne na ƙarshe, amma 'yan kallo suka tashi tsaye suna yi masa tafi har ya ƙetare layi. Na ga hoton bidiyon na ji daɗi, na kuma ji ciwo. Ƙasar da ke da kogin Kwara daga Ayoru har Gaya, ga Madarunfa, ga tafkin Cadi, ga yara irin wan Lawali da aka haifa cikin jirgi, a ce sai an nemo wanda zai koya cikin wata uku. Da ƙananan ƙungiyoyi irin ta su Baba sun rayu, kuma da ɗiyan masunta a gaba, da wani labarin ake yi.

Sani Mokoyo:
A Argungu ai har yau ana tseren kwale-kwale lokacin bikin kamun kifi, tun 1934 ake bikin, kuma masunta ne ke yi da kansu, sarkin ruwa ne ke buɗe ruwa. Kokowa ma da Kantu ya ɗauko mana takobin farko a Tawa a 1975, ai daga fagen ƙauye aka ɗauko ta, ba a ce manomi ya fi ƙarfi a fitar da shi ba. Me zai hana a tada abin nan?

Majo Salisu:
Ina goyon baya, amma a saurare ni tukuna. Na yi aiki a ƙauyukan bakin tafki, tsargiya gaskiya ce. Ƙwayar cutar tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa a ruwan da ba ya gudu, ta shiga ta fatar mutum yana tsaye cikin ruwa, ba sai ya sha ba. Yaro ya riƙa fitsarin jini, wasu iyayen su ɗauka alamar balaga ce, alhali mafitsara ce ke ciwo, in ta daɗe tana taɓa ƙoda. Maganinta ƙwaya ce ana rabawa a makarantu, tana aiki, sai dai in yaro ya koma ruwan zai sake ɗauka. Duk wanda zai tara yara a tafki ya haɗa da likita tun ranar farko, a riƙa duba su ana ba su magani kan lokaci. Kuma rigar ruwa ta zama dole. Zamanin su Mushe babu ita, yanzu akwai, babu uzuri.

Malam Habibu Limanci:
Ni ma kalma ɗaya. Tafkin nan ba filin wasa kawai ba ne, kowa ya san maganar kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, mutane na zuwa ziyara daga nesa. In za a yi, a nisanci wuraren ziyara da kiɗa da hayaniya, a tsaya lokacin salla, kuma kada caca ta shigo. Koyon iyo da ƙarfafa jiki abu ne mai kyau, ba ni da ja a kansa.

Mushe Isuhu:
Malam, mu ma haka muka yi, ana kiran la'asar ake fitowa. In matasa za su tada shi ina da rai zan zo in zauna a gaɓa. Shawarata ɗaya: ku tanadi wurin yaron da bai iya ba. In kuka bar shi ya zama na gwanaye zalla, shekara biyu za ku ga ɗiyan gari sun gudu, kuma su ne ke nutsewa, ba ɗiyan masunta ba.

Lawali Madarunfa:
A tanadar masa Mushe, ni zan koya masa da hannuna kyauta. Amma wannan karon masunta a cikin kwamiti za su zauna, ba a bayan jirgi kaɗai ba. Kuma in an ara jirgin mutum a biya shi kifin ranar.

Yaya Abdul-Aziz, babana na nan da ransa, ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, waya ba ta yi masa. In da gaske kake ka zo da kanka. Da hantsi ya fi sakewa, kafin rana ta yi zafi. Zai lissafa maka waɗanda suka fito da yaran nan daga ruwa ɗaya bayan ɗaya, biyu daga cikinsu suna raye, sai mu bi su gida.

Abdul-Aziz Zariya:
Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu. Baba Isuhu, in na zo da mota za ka iya tafiyar?

Mushe Isuhu:
Zan iya. Na daɗe ban gaisa da shi ba. Ka sayi goro fari, shi yake ci.

Nasiru ɗalibi:
Ni ma a sa ni, zan riƙe waya in ɗauki muryarsu in sun yarda.

Hajiya Rabi Bagalam:
Ku biyo ta Bagalam ku ɗauke ni. Matan adashin nan akwai waɗanda suka rage, ba za su yi magana da ku ba sai ina wurin. Ku fito da wuri, bayan asuba, ina da awo a kasuwa ranar Litinin ba zan kwana can ba.